Rabon Na'ura a Cikin Muryar Mawaƙi: Tarihin Amsa-kuwwa da 'Yan'uwanta a Ɗaukar Waƙoƙin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano ya yada zango a Rimin Gado ranar kasuwa, tun kafin ya ga rumfuna kunnensa zai shaida masa ya iso. Ga mai magani yana shela ta lasifika, muryarsa tana fita a shaƙe tana tsagewa. Ga mai tura waƙoƙi a waya ya saki waƙar nanaye, muryar zabiyar tana karkarwa tana tsalle daga wannan amo zuwa wancan. Can gefe kuma wani ya kunna wa'azi, kowace kalma ta malamin sai ta maimaita kanta sau biyu ko uku kafin ta mutu. Babu ko ɗaya daga cikin muryoyin nan uku da ta fito haka daga maƙogwaron mai ita. Na'ura ce ta sa hannu a ciki.

Mun zaɓi mu fara da Rimin Gado ne don ƙasa ce ta manoma, wadda ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarta mutum fiye da 100,000, tana kuwa cikin karkarar nan ta Kano da masana irin su Michael Mortimore suka yi nazari a kanta saboda yawan jama'a da kusancin ƙauyuka. A irin wannan wuri ne ake sauraron waƙar da aka ɗauka a birni, a nan ne kuma kasuwarta take yin kyau ko ta faɗi.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda makirufo da na'urorin da ke bayansa suka riƙa sauya muryar mawaƙin Hausa, tun daga zamanin garmaho har zuwa na kwamfuta. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, muryar da muke ji a faifai ko kaset ko waya ta haɗin gwiwa ce tsakanin mawaƙi da na'ura, kuma mai nazarin waƙar baka da bai san rabon kowannensu ba yana iya jingina wa mawaƙi abin da ba nasa ba ne.

2.0 Murya Kafin Zuwan Makirufo

Kafin zuwan makirufo, ƙarfin ƙirji shi ne jarin mai sana'ar murya. Ladan da mai shela da sanƙira da mawaƙi duk da shi suke taƙama. Mawaƙin noma da ya tsaya a gonar gayya yana gogayya ne da gangar noma da sowar samari da iskar fili, don haka tilas ya ɗaga murya sama ya matse ta, wani sashe nata ya biyo ta hanci, saboda siririyar murya mai kaifi ita ce take iya ratsa amon ganga. 'Yan amshi kuma, ban da hutun da suke ba jagora, su ne suke kai kalmomin waƙa ga na bayan taro, tun da abin da mutum ɗaya ya faɗa sai mutum huɗu ko biyar su sake faɗa tare.

Akwai wani abu na biyu da ya kamata mu lura da shi, watau irin sautin da kunnen Bahaushe yake jin daɗi. Maƙerin ganga yakan gilma wata 'yar igiya a bisa fata don ta riƙa zizi in an doka. Mai garaya yakan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sandarta don ya riƙa caccaka. Algaita ma muryarta a shaƙe take, mai busa ta kuwa ba ya tsayawa a amo ɗaya sai ya yi ta kaɗa shi. Haka guɗar mata a gidan biki. Yara kuma sun daɗe suna wasan sauya murya, su tura baki cikin tulu su yi magana, ko su leƙa rijiya su yi kuwwa don su ji ta amsa. A wasu al'ummu na Nijeriya ma har akwai 'yan bututun da ake rufe wa baki da yanar gizo-gizo a yi magana ta ciki don a fitar da muryar dodo, kamar yadda Henry Balfour ya yi bayani a wata maƙala da aka buga a 1948.

Bisa ga wannan, muna iya cewa sauti garau, wanda ba shi da zizi ko karkarwa, ba shi ne cikar daɗi ba a wurin mai sauraron gargajiya. Wannan batu zai yi mana amfani a gaba.

3.0 Zamanin Faifai da Rediyo

Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar murya a Amurka a 1877, amma har zuwa 1925 babu makirufo a harkar yin faifai. Mawaƙi yakan tsaya ne gaban wani babban mazurari ya yi waƙa da ƙarfi, ƙarfin muryarsa shi ke motsa allurar da ke zana sautin. Daga 1925 ne manyan kamfanoni suka koma ɗauka da lantarki. Ba da jimawa ba, a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa.

Faifan garmaho na wancan lokaci, mai juyi 78 a minti ɗaya, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowace fuska. Waƙar da mawaƙi zai shafe rabin dare yana yi, yana sa sunan wannan yana zambo ga wancan, dole aka datse ta. Wannan shi ne hukunci na farko da na'ura ta yanke wa waƙar Hausa.

Rediyo ya shigo Kano a 1944, lokacin da aka kafa tashar da ke rarraba shirye-shirye ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da wuraren taruwar jama'a. Hukumar rediyo ta ƙasa ta biyo baya a shekarun 1950, sa'an nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. A ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyo ne mawaƙan gargajiya suka fara cin karo da dokokin makirufo. Ma'aikacin ɗauka yakan matso da jagora kusa da makirufo, ya tura masu kalangu ko taushi ko kotso can baya don kada su cika wa na'ura ciki. Ta haka tsarin fili ya juye: a dandali kiɗa ne a sama, murya tana fafutukar fita, a rediyo kuwa murya ce a sama, kiɗa yana bin ta. Galibin abin da jama'a suka sani a yau na muryar Mamman Shata (1923 zuwa 1999) ko Musa Ɗanƙwairo ko Barmani Coge ya biyo ne ta wannan juyayyen tsari na rediyo da na kamfanonin faifai irin su EMI.

Har ila yau, makirufo yana da wata ɗabi'a tasa. Irin wanda aka ƙera don ya ɗauki sauti daga gaba kawai, in aka kai baki dab da shi sai ya ƙara wa murya kauri da zurfi. Mai ƙaramar murya ke nan ya sami ƙofa. A Amurka wannan ne ya haifar da mawaƙa masu rera waƙa a hankali irin su Bing Crosby. A nan gida, muna ganin ba za a raba ɗaukakar Ɗan Maraya Jos (ya rasu a 2015) da makirufo ba. Mutum ɗaya ne da kuntigi, ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba ganga. A babban fili da ƙyar na nesa zai ji shi, amma a akwatin rediyo kamar yana zaune kusa da mutum yana yi masa hira.

A gefe guda kuma akwai ɗaukar masana, irin wadda David Ames ya yi a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, wanda daga baya shi da Anthony King suka wallafa ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Amfanin irin wannan ɗauka shi ne an yi ta a inda ake kiɗan, don haka takan nuna mana yadda murya da ganga suke a fili, a gwada da ta rediyo.

4.0 Lasifika da Amsa-kuwwa

Mutumin karkara kamar na Rimin Gado ya fi sanin makirufo ta hanyar lasifika, irin mai faɗin baki da ake ɗaurawa a kan mota ko bishiya ko saman masallaci. Motocin majigi sun zo da ita, jam'iyyun NEPU da NPC sun yi yaƙin neman zaɓe da ita a shekarun 1950, haka ma PRP da NPN da sauransu daga 1979. Wannan lasifika an ƙera ta ne don ta kai magana nesa, saboda haka takan zubar da sashen murya mai kauri ta bar mai kaifi. In aka buɗe mata wuta fiye da ƙarfinta sai murya ta tsage, in kuma makirufo ya fuskance ta sai ya ɗauki abin da ta fitar ya mayar mata, ta yi ta tsuwa. A wurin mai aikin lantarki waɗannan duk aibi ne. Amma kunnen da ya saba da algaita da zizin ganga bai ƙi su ba, har ta kai tsagewar murya ta zama alamar cewa taro ya yi taro.

Abin sha'awa a nan shi ne sunan da Hausawa suka ba wannan na'ura. Ban da lasifika, sun kira ta amsa-kuwwa, watau sunan da tun asali ake kiran muryar da dutse ko rijiya ke mayar wa mutum. Amsa-kuwwa ta asali tana faruwa ne saboda sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kunne kuma ba ya rarrabe sauti biyu sosai sai tazarar da ke tsakaninsu ta kai wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ke nan sai bango mai tauri ya yi nisan kimanin mita 17 kafin ya amsa wa mutum a fili. Ginin ƙasa mai rufin azara ƙarami ne, kuma shanye sauti yake yi. Don haka a ƙauye ba a saba jin amsa-kuwwa a cikin ɗaki ba, sai a manyan gine-gine na birni.

Masu ɗaukar murya a ƙasashen waje sun daɗe da gano yadda za su ƙirƙiro ta. A 1947 Bill Putnam ya yi amfani da banɗakin ma'aikatarsa a Cikago don ya sami amon ɗaki mai amsawa. A 1954 Sam Phillips, a Memfis, ya yi amfani da tazarar da ke tsakanin kan da ke rubuta sauti a tef da kan da ke karanta shi, ya sa muryar Elvis Presley ta riƙa maimaita kanta nan take. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da wata na'ura ta musamman don wannan aiki a 1974. Daga baya abin ya yi araha, har ya zama kusan kowace amfilifaya ta haya tana da maɓallin da masu ita ke kira eko.

Muna ganin hanyoyi biyu ne suka koya wa kunnen Bahaushe son wannan eko. Ta farko ita ce finafinan Indiya, waɗanda gidajen siliman Kano suka riƙa nunawa tun wajen shekarun 1950 da 1960, inda muryar mawaƙiya take fita siririya tana yawo kamar a cikin fada ko tsakanin duwatsu. Ana ma ba da labarin cewa a fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 sai da aka sa Lata Mangeshkar ta rera wata waƙa a banɗaki don a sami wannan amo. Hanya ta biyu ita ce kasakasan karatun Alƙur'ani na makarantan Misira irin su Abdulbasiɗ Abdussamad, da sautin manyan masallatan Makka da Madina da alhazai suka ji suka zo suna ba da labari. Ta nan eko ya sami ma'anar girma da kwarjini. Ladan a ƙaramin masallacin ƙauye in ya murɗa maɓallin nan sai muryarsa ta yi kamar a ƙarƙashin babbar ƙubba take. Daɗin daɗawa, maimaitawar da na'ura ke yi ta yi kama da amshi, abin da mai sauraro ya riga ya saba da shi.

5.0 Zamanin Kaset

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970 ya cika kasuwanninmu, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da kuɗin man fetur. Da zuwan rakoda, ɗaukar murya ta fita daga hannun ƙwararru. Kowa yana iya ajiye rakodarsa gaban mawaƙi a gidan biki ya danna. Ƙaramin makirufon da ke jikinta yana da wata dabara ta rage ƙara da kansa, don haka duk lokacin da aka doki ganga sai muryar mawaƙi ta nutse, in ganga ta yi shiru ta sake tasowa.

Sa'an nan ga matsalar kwafi. Mai shagon kaset yana kwafa ne daga kwafi, wani ma ya kwafa daga nasa. A kowane hawa sai shuu ɗin tef ya ƙaru, kaifin baƙaƙe irin su s da sh da ts ya ragu. Gudun tef ɗin kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa, kuma in gudun ya ƙaru ko ya ragu da kashi 6 cikin 100 kawai, murya takan hau ko ta sauka da rabin mataki na amo. Batirin da ya yi sanyi lokacin ɗauka yakan sa murya ta fito siririya da sauri in an saurara da sabon batir, in kuwa lokacin sauraro ne ya yi sanyi sai ta fito da kauri tana jan jiki. Saboda haka mai yiwuwa ne kasakasai biyu na waƙa ɗaya ta Shata su ba mu murya iri biyu da saurin kiɗa iri biyu, alhali sau ɗaya ya yi waƙar.

6.0 Sitidiyo, Fiyano da Kwamfuta

Finafinan Hausa na bidiyo sun fara ne da Turmin Danya a 1990, a cikin shekarun da suka biyo baya kuma waƙa da rawa irin na Indiya suka zama ginshiƙinsu. Sitidiyoyi a Kano, irin na Iyan Tama, suka shigo da fiyanon Yamaha mai kwaikwayon kayan kiɗa iri iri. Da kwamfuta ta shigo, sai ya zama ana ɗaukar kiɗa daban, murya daban, a jera su bisa juna. Mawaƙi ɗaya yana iya yin jagora, ya koma ya yi wa kansa amshi sau uku.

A nan ne Auto-Tune ya shigo. Andy Hildebrand ne ya ƙirƙiro shi, injiniya wanda a da yake nazarin amsawar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, kamfanin Antares kuma ya fitar da shi a 1997. Aikinsa shi ne ya auna amon murya, in ta kauce ya jawo ta zuwa mataki mafi kusa daga cikin matakai 12 na ma'aunin kiɗan Turawa. An yi shi ne don gyara a ɓoye. Amma in aka sa shi ya yi gyaran nan take ba jinkiri, sai murya ta daina gangarawa daga amo zuwa amo, ta koma tsalle kamar mai hawa matakala. Duniya ta fara jin wannan a waƙar Believe ta Cher a 1998.

Sitidiyoyin Arewa sun rungumi wannan karkarwa har ta zama tambarin waƙoƙin nanaye. Tasirin ya tsallaka iyaka: Mdou Moctar, mawaƙin Buzaye na Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin wannan murya, waƙoƙin kuma suka bazu cikin Sahara ta wayoyin hannu. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa a faifai mai suna Harafin So.

Da yawa daga cikin malamanmu suna kallon wannan a matsayin lalacewar waƙa, suna cewa kwamfuta ce ke rerawa. Akwai gaskiya a kukansu. Makaɗa da 'yan amshi da dama sun rasa abin yi, muryoyi kuma sun fara kama da juna. Sai dai in muka tuna abin da muka faɗa a sashe na 2.0, za mu ga cewa siririyar murya mai kaɗawa ba baƙuwa ba ce a kunnen da ya tashi da algaita da guɗa. Abin da ya fi damunmu shi ne karin sautin harshe. Hausa tana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya: kuka na hawaye dabam da kuka ta miya, wuya na jiki dabam da wuya ta wahala, kai na wakilin suna dabam da kai na bisa wuya, wanda karinsa faɗuwa yake yi. Tun 1972 Paul Richards ya auna dangantakar karin harshe da karin waƙa a wata waƙar Hausa. Tambayar da ke gabanmu yanzu ita ce, me ke samun kari mai faɗuwa in na'ura ta datsa shi gida biyu, ta kuma tilasta masa zama a matakan da ba na waƙar gargajiya ba?

7.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masu Nazari

Duk shekara ɗalibanmu suna rubuta kundaye a kan mawaƙan baka, suna juyar waƙoƙi daga kaset ko waya zuwa takarda. Kalmar da eko ya haɗiye, ko ganga ta danne, ko kwafi ya goge, ɗalibi yakan cike gurbinta da abin da ya zata, malami ya sa hannu, wani ya zo ya ɗauka a matsayin hujja. Don haka muke ba da waɗannan shawarwari:

(a) Duk wanda ya juyi waƙa ya faɗi inda ya samo ta, ta rediyo ce, ko ta kamfanin faifai, ko ta gidan biki, ko ta sitidiyo.

(b) Kada a yi hukunci a kan muryar mawaƙi ko saurin kiɗansa daga kwafi ɗaya. A nemi biyu ko uku a gwada.

(c) A roƙi masu sitidiyo su riƙa ajiye muryar mawaƙi tsurarta, kafin a sa mata eko ko Auto-Tune, domin in an riga an gauraya su, raba su ba ƙaramin aiki ba ne.

(d) A yi hira da tsofaffin ma'aikatan ɗauka na gidajen rediyo, da masu shagunan kaset, da masu hayar lasifika na garuruwa irin su Rimin Gado, tun suna raye. Su ne suka san wace na'ura aka yi aiki da ita, a wace shekara.

(e) A gaggauta juye tsofaffin tef zuwa kwamfuta, a kuma daidaita gudunsu, saboda zafi da ƙura da laima suna cin su.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙari mu nuna cewa kowane zamani na ɗaukar murya ya bar tabonsa a waƙar Hausa. Garmaho ya gajarta ta, rediyo ya ɗora murya bisa ganga, lasifika ta shaƙe ta, eko ya ba ta faɗin masallaci, kaset ya sauya mata amo, kwamfuta ta sa ta karkarwa. Mun kuma nuna cewa masu sauraro sun karɓi wasu daga cikin waɗannan ne don sun dace da abin da kunnensu ya gada. Ba mu ce a so su ko a ƙi su ba. Abin da muke kira gare shi shi ne a san su, a rubuta tarihinsu, domin jikokin manoman da ke sauraron waƙa a waya a yau ba za su san muryar Shata ko Ɗan Maraya ba sai ta abin da muka adana musu. Muna fata mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma ɗora daga inda muka tsaya.